Farin Rogo a Gidan Yai Tongmuan

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu a buɗe suke.

To ku matso. Ni ce Lamduan, wadda kowa ke ce wa Pa Lamduan, wato Inna Lamduan. Na daɗe ina sayar da taliyar shinkafa da romo a bakin ƙofar tashar binciken rogo da ke bayan garinmu, a ƙasar Korat. Na ga shugabannin tashar sun zo sun tafi, na ga ɗalibai sun shigo da suma sun fita da sanƙo. Amma duk cikinsu wadda na fi sani ita ce Jiap, don 'yar ƙanwata ce, a bayana ta yi barci tana jaririya. A cikin tasha Ajan Jiap suke ce mata, wato Malama Jiap, har da ɗan rusunawa. A rumfata kuwa Jiap ce kawai, kuma in ta rage romo a kwano sai ta ji daga bakina.

Ubanta manomin rogo ne. Shekarar da cutar nan mai murɗe ganye ta shigo mana, ganyen gonarsa ya yi dabbare-dabbare, ya ƙanƙance kamar hannun tsohuwa, har aka zo da tarakta aka binne rogon duka yana tsaye yana kallo. Lokacin Jiap tana jami'a. Tun daga nan ba ta sake karanta wani abu ba sai wannan cuta.

Na sha tambayarta me suke yi a ɗakin ragar nan mai ƙofa biyu da suke kiwon shukokinsu a ciki, tana ba ni amsa da kalmomin da ko karen rumfata ba zai tsaya ya saurara ba. Sai wata rana ta ajiye cokali ta ce, "Pa, in kina son sanin aikin da tafarnuwa ke yi a romonki, ya za ki yi?"

Na ce sai in ƙi sakawa rana ɗaya, in ji abin da ya ɓace.

Ta ce to aikinsu ke nan. Wai kowace shuka tana da ƙwayoyin gado dubbai a jikinta, kowacce da umarnin da take bayarwa: wannan ta ce ganye ya yi kore, waccan ta ce saiwa ta yi kauri. In kana son sanin aikin ɗaya, sai ka rufe mata baki ka ga abin da ya ɓace. Wanda suke aikawa ya rufe bakin kuwa, shi ne ya sa na saki ludayi. Ƙwayar cutar ce da kanta, wadda ta cinye gonar ubanta.

Ita ƙwayar cutar, in ji Jiap, matalauciya ce, ƙwayoyin gadonta ba su fi yatsun hannu ba. Ɗaya ce ke sa ta hayayyafa. Wata ke buɗe mata hanya daga ɗaki zuwa ɗaki a cikin ganye. Wata kuma ke ɗinka mata riga, da wannan rigar ce farin ƙuda ke ɗaukarta daga gona zuwa gona. Su Jiap sai su cire mai ɗinka rigar, su cusa ɗan guntun ƙwayar gadon rogo a gurbinta, su shigar da ita jikin shuka. Rogo ya tashi faɗa da baƙuwa, ya hau dukan duk abin da ya yi kama da ita, har da nasa na gado, ya rufe bakin kansa da kansa. Kafin su taɓa manyan abubuwa, sai su fara gwadawa da mai sa ganye kore, don ita ce ido ke gani. In sabon ganye ya fito fari, ɗan aike ya isar da saƙo. Daga nan sai a shiga aika shi ɗaya bayan ɗaya, har a gano ƙofar da cutar daji ke bi ta shiga rogo.

Shekaru ta yi ganye yana fito mata kore shar kamar yana mata gwalo. Sai a daminar da nake ba ku labari ya fito fari tas. Ranar kwano biyu ta ci, ta sha romon har ƙasa.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani game da Jiap. Tun tana ƙarama take faɗa da Laraba. Mu dai ranar Laraba ba ma yanka, ko gashi ne, ko farce, ko reshe, ranar Alhamis kuma ba ma tugewa. Masu aski ma rufe shago suke yi. Ita kuwa sai ta jira Laraba ta zo, ta ɗauki almakashi ta zauna a gabana tana datse gashin goshinta, tana cewa, "Pa, duba ko sama ta faɗo." Da ta yi karatu abin ya ƙaru. Ni dai na bar ta, don mai ciyar da mutane ba ta da lokacin gardama.

To, wata Laraba da hantsi, ina cikin yanka albasa, kar ku ce komai, albasa ba ta cikin lissafi, sai ga ta ta fito daga tasha. Fuskarta ta yi fari kamar ganyen nata. Ta zauna a benci ba ta nemi komai ba. Na zuba mata ruwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

Da ƙyar ta faɗa mini. Sun gama ɗaukar hoto da awon fararen shukokin, sun jera su a lungun da ke tsakanin ƙofofin nan biyu, don a kai su injin tururi. Dokar wurin ke nan, ko ƙasar tukunya ba ta fita sai an dafa ta. Da safe ta zo ta tarar babu tukunya ɗaya. Ta riga ta je ta gaya wa shugaban tasha da bakinta. Mutumin kirki ne, amma ya ce mata in shukar ta dawo cikakkiya, da saiwarta da rassanta, magana ta tsaya a ofishinsa. In kuwa an yanka ta an raba, dole ya kai magana sama, za a rufe ɗakin raga, aikinta kuma ya ƙare ke nan.

Na ce, "Ba ke kika ce kun tuɓe mata riga ba? Ƙuda ba ya ɗaukarta, to tsoron me?"

Ta ce, "Ƙuda ba ya ɗauka, Pa, amma hannu yana ɗauka. Da kara ake shuka rogo. Duk guntun da aka yanka, tana ciki. In aka dasa shi a gefen gona, 'yar'uwarta ta daji ta shiga shuka ɗaya da ita, tana iya aron riga. Ban ce zai faru ba. Amma ba ni da bakin cewa ba zai faru ba."

Nan na ajiye wuƙa, don wani abu ya faɗo mini. Na tambaye ta wa ya shiga ɗakin jiya ban da su. Ta ce babu, sai mai gyaran na'urar sanyi.

Piak ke nan. Saurayi ne mai dogon wuya, yana cin abinci a wurina duk sanda aiki ya kawo shi. Jiya da la'asar ya ci, kuma na ga wani abu mai tsayi ɗaure a bayan babur ɗinsa, an lulluɓe shi da buhun shinkafa. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce tsarabar tsohuwa ce. Ni na ɗauka fanka ce. A shekarun nan kuwa mutanenmu sun haukace a kan shuka mai farin ganye. Kowace tsohuwa tana so ta ajiye ɗaya a ƙofar gida, wai tana jawo arziki, kuma wadda ta samu ba ta ci ita kaɗai, yanka take ta raba wa ƙawaye. Da na faɗi haka sai Jiap ta rufe ido.

Ta kira wayar Piak, ba a ɗauka ba. Ta sake kira, shiru. Wataƙila yana kan rufin wani. Amma na san uwarsa, Yai Tongmuan, wato Kaka Tongmuan, mun taɓa zama tabarma ɗaya a wani biki, na kuma san ƙauyensu. Na kashe wuta, na ce wa mai sayar da kankana ta duba mini rumfa, muka shiga akori-kurar tasha, Jiap tana tuƙi.

Hanyar nan ba za ta fita raina ba. Rogo dama, rogo hagu, har inda ido ya tsaya, kore lafiyayye, iska tana kaɗa shi. Kullum ina jin daɗin ganin haka, amma ranar kowace gona sai ta zama kamar tana kallonmu. Na yi ta surutu don in sassauta mata, na kawo zancen tsadar ƙashin romo, na kawo zancen auren ɗan maƙwabcina. Sau ɗaya ta buɗe baki, ta ce da ubanta zai ji cewa daga hannunta cuta ta fita zuwa gonar wani, da wane ido za ta dube shi. Sai na ɓare mata lemo.

Gidan Yai Tongmuan irin na da ne, a kan dogayen ginshiƙai, ƙarƙashinsa inuwa. Tun daga bakin shinge muka hango mata zaune a kan gadon gora, tsofaffi, sun kai goma. Gaban kowacce akwai gwangwani ko tsohon bokiti cike da ƙasa. A tsakiya ga farin rogon Jiap, an ɗaura masa ƙyalle mai launi uku. Kusa da shi ga katako, a kan katakon ga wuƙa tana ƙyalli, ga dutsen wasawa bai ma bushe ba.

Jiap ta damƙe hannuna har sai da na ji ƙashi.

Muka haɗa tafuka muka gaishe su. Yai Tongmuan ta ɗago tana taunar goronta na ganye, ta ce, "Lamduan mai taliya, wa ya mutu kika rufe rumfa da rana tsaka?"

Na ce babu wanda ya mutu tukuna, amma wannan 'yar tawa tana dab, sai ta gaya mana ko an sa wa shukar nan wuƙa.

Sai duk suka ɗauki magana lokaci ɗaya, kowacce tana ɗora wa wata laifi. Abin da na tsinta shi ne, tun jiya da yamma Yai Tongmuan ta aika wa ƙawayenta na ƙauyuka uku cewa ɗanta ya kawo mata farin rogo, kowa ta zo da mazubi. Suka zo da sassafe. Ta wasa wuƙa, ta auna inda za ta fara yanka, har ta ɗora kaifin a jikin kara. Sai wata kurmar tsohuwa, wadda ta girme su duka, ta tambaya da ƙarfi wai yau wace rana ce. Yai Tongmuan ta ce Alhamis. Wata ta ce Talata. Aka yi ta musu har aka kunna rediyo, rediyo ya ce Laraba. Nan aka ajiye wuƙa. Wata ta ce to gobe, kurmar ta ce gobe Alhamis, kuma dole sai an tuge uwar daga tukunyar robar nan an mayar da ita ƙasa, don haka babu gobe. Aka tsayar da Juma'a. Tun da an riga an taru, sai aka ɗauko turmi aka hau dakan ɗanyar gwanda da barkono.

 Jiap ta zauna daɓas a ƙasa, da farar rigar aikinta, a cikin kashin kaji. Ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Matan suna tsammanin kuka take. Ni da na goya ta na san kuka ne da dariya a haɗe.

Da ta dawo hayyacinta ta ciro waya, ta buɗe hoton shukar, ta matsa kusa tana dubawa, ganye bayan ganye, tana ɗaga kowanne ta leƙa ƙarƙashinsa. Sai na ga hannunta ya tsaya. A hoto rassa uku ne. A gabanmu biyu ne, da wani sabon tabo mai ɗanko.

Ta ce a hankali, "Yai, akwai reshe a nan."

Yai Tongmuan ta ce ai wannan shashashan ne ya karya shi a kan babur, ya kawo mata shi a aljihu kamar sigari.

"Yana ina yanzu?"

Tsohuwar ta tsaya tunani, ta tofar da jan yawu, ta sake tunani.  Bayan shingen gidan nan, taku kaɗan, gonar rogo ce. Can ta ce, "Au, na kai wa malam." Ashe mijinta take nufi, wanda ya rasu tuntuni. Ta sa reshen a kofin ruwa ta ajiye gaban hotonsa, don shi ma ya ga abin da ɗansa ya kawo.

Ban taɓa ganin mai digiri uku ta hau tsani da irin wannan gudun ba, ko takalmi da ƙyar ta tuna ta cire. Ta sauko riƙe da kofin da hannu biyu, ta gwada reshen a kan tabon, ya zauna daidai. Ta tsince ganye biyu da suka faɗi ƙasa ta zuba a leda. Sannan ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, har kurmar ma ta ji.

Na ɗauka an gama. Ashe Yai Tongmuan ba ta fara ba. Da ta ga Jiap ta buɗe babbar leda za ta rufe shukar, sai ta ɗora tafinta a bakin tukunya.

Ta ce, "Tsaya, 'yar nan. Yaron nan tun da na haife shi bai taɓa kawo mini komai ba sai kayan wanki. Yau ya kawo abin arziki, ki zo da mota ki ɗauke?"

Jiap ta durƙusa a gabanta. Ta ce ba farin arziki ba ne, farin ciwo ne. Ta tambaye ta ko ta tuna shekarar da aka binne rogo.

Fuskar tsohuwar ta sauya. Ta ce ta tuna, gonarta ma an binne, a shekarar ne malam ya kwanta bai tashi ba.

Jiap ta ce, "Wannan cutar ce a cikin shukar nan, Yai."

Matan suka ja gwangwanayensu baya. Yai Tongmuan ta ce, "Ita kike kiwo a tukunya kamar kifi?"

"Ita ce. Amma na tuɓe mata rigar da take hawa ƙuda da ita."

"Wato tsirara take zaune a gidana tun jiya, gaban hoton mijina."

Dariya ta ɓarke, har wata ta ƙware da barkono. Da aka lafa, tsohuwar ta tambaya, ba da wasa ba, me ya sa mutum mai hankali zai ajiye irin wannan abu. Jiap ta ce don ta sa ta aiki. Ita ce ta san hanyoyin cikin rogo fiye da kowa, in aka iya aika ta, za ta nuna ƙofar da 'yan'uwanta ke shiga, sai a nemi yadda za a toshe. Ta ce ubanta ma an binne masa gona.

 Yai Tongmuan ta sa hannu ta kwance ƙyallen nan da kanta, ta ninke shi ta sa a cinya. Ta kafa sharaɗi: Jiap za ta kawo mata farin rogo na gaskiya, irin wanda da farinsa aka haife shi, daga kasuwar shuke-shuke, mai rassa da yawa yadda zai ishi kowa. Kuma kada a hana Piak aiki a tasha. Kuma ba mai tashi sai ya ci gwanda.

Muna cikin ci, idanunmu suna ruwa, sai ga wayar Piak. Jiap ta miƙa wa uwarsa. Muna jin muryarsa yana rantsuwa cewa a bakin ƙofa ya gan su jere, ya ɗauka shara ce za a zubar, ya ga asara ce. Uwar ta ce masa daga yau ya koma kawo kayan wanki, sun fi lafiya.

Kafin la'asar shukar da reshenta da ganyenta da ƙasarta, har da ruwan kofin malam, duk sun shiga injin tururi. Shugaban tasha ya tsaya a kai har aka buɗe, ya ga sun zama kamar dafaffen alayyafo, sannan ya share gumi ya zo rumfata ya ci kwano biyu, shi da likita ya hana gishiri.

Da yamma ina wanke kwanoni, Jiap tana zaune ta miƙe ƙafafu, na tambaye ta me ya cece ta yau. Ta ce sa'a. Na ce sa'ar wace rana? Ta ce, "Pa, akwai wata ƙwayar gado ta naci da ke yawo a danginmu na uwa. Ranar da na gano ta, zan aika a rufe mata baki." Na ce ta fara da tata.

Ga yadda kowa ya ƙare. Jiap ta sha faɗa a ofis, aka sa wa lungun nan kwaɗo, ɗakin raga bai rufu ba. Ma'aikatan tasha sun yi ta zuwa ƙauyen suna gwada rogon da ke kewaye da gidan har aka yi girbi, ba su sami komai ba. Yai Tongmuan ta sami farin rogonta na kasuwa, ta yanka shi ranar Juma'a, yanzu yana ƙofar gidaje a ƙauyuka uku. Kurmar tsohuwar ta rasu bara, ba ta taɓa sanin abin da tambayarta ta yi ba. Piak yana nan yana gyaran na'ura, amma ba ya shiga ɗakin raga sai da ɗan rakiya. Jiap har yau tana aika ɗan aikenta, ta rufe bakuna da yawa, ta ce akwai biyu da take sa wa rai. Gashinta kuwa a gida take datsewa, ban san ko wace rana ba, ta dai daina yi a gabana. Ni kuma ina nan bakin ƙofar tasha ina sayar da taliya.